Ragar Ɗakin Iri

Ruwan shuka ya sauka a Maska ranar Juma'a da la'asar, ya jiƙa ƙasa har kamu guda. Washegari da hantsi Malam Awaisu ya zaro makulli daga aljihun 'yar cikinsa, ya buɗe kwaɗon ɗakin iri, ya tura ƙyaure. Babu komai a kan dandamali sai shatin inda ƙananan buhuna huɗu suka zauna tun kaka.

Ba dawar tuwo aka ɗauke ba. Iri ne da gidansu ya yi shekara talatin da 'yan kai yana zaɓa zangarniya bayan zangarniya, wata kaura mai jan ido wadda ke tsayawa ƙyam a gonar da ƙuduji, ciyawar nan mai kashe hatsi, ya cinye dawar kowa. Daga Kafur har Malumfashi an san labarinta, kuma an san Malam Awaisu ba ya ba kowa ko cikin tafi. Idan ba a shuka ta bana ba, ta tafi ke nan.

Mai unguwa ya aika a kira Maitama. Tsohon maharbi ne, ya haura sittin da biyar, siriri, ba ya son magana mai yawa. A zamanin ƙarfinsa ya taɓa bin sawun shanun sata kwana uku a ƙafa, har bayan Bakori, ya dawo da su ba ko ɗaya da ta ɓace. Abin da yake taƙama da shi ɗaya ne: bai taɓa kiran sunan mutum ba sai da abin nunawa a hannunsa.

Da ya iso, ya tarar rabin unguwa ta riga shi. Ya dubi ƙasa, ya girgiza kai. Abin da ruwan jiya bai wanke ba, takalman 'yan kallo sun tattake.

"Malam Awaisu, yaushe rabonka da ganin buhunan?"

"Ranar Lahadi. Da hannuna na kulle, kuma makullin nan ba ya rabuwa da jikina."

"Akwai ranar da gidan ya zauna ba kowa?"

Ladidi, matar Malam Awaisu, ta amsa daga bayan ƙyaure. "Laraba, Malam. Mun tafi Kafur sunan jikanmu tun safe, sai bayan la'asar muka dawo."

Maitama ya juya kwaɗon a hannunsa, bai ga alamar an taɓa shi ba. Ya ɗaga kai. Taga ɗaya ce a ɗakin, can sama, tana kallon lungun baya, faɗinta zai ɗauki mutum idan ya matse jiki. Sabuwar ragar waya ce a jikinta, tana ƙyalli. Ya zagaya lungun, ya sa aka kife masa turmi, ya hau. Ya danna ragar da yatsa, ta lotsa. Ya bi siraran katakon da suka danne bakinta da ido, ƙusa bayan ƙusa.

"An cire ragar nan, an mayar da ita," in ji shi.

Da ƙarfi ya faɗa, kowa ya ji. Tun bai sauko daga turmin ba ya gane ya yi kuskure.

"To ai magana ta ƙare," in ji Mannir, maƙwabcin Malam Awaisu na katanga. "Wa ya iya cire raga ya mayar in ba wadda ta sa ta ba?"

Sai baki ya buɗe. Wani ya ce kwana goma sha ɗaya ke nan da aka kira Adaku daga Funtua ta canja ragar, saboda ɓeraye sun cinye tsohuwar. Wani ya ce ta shiga ɗakin, ta ga buhunan, har ta yi tambaya a kansu. Wata tsohuwa ta ce ita da idonta ta gan ta a Maska ranar Laraba, da Keke Napep cike da kaya. Malam Awaisu ya ce a kira 'yan sanda kawai.

"Ban kira sunan kowa ba," in ji Maitama.

"Ba sai ka kira ba, Baba," in ji Mannir.

Mai unguwa ya ɗaga hannu. "Ƙasa za ta riƙe laima zuwa Litinin. Maitama, kana da yau da gobe. Litinin da hantsi, ko ka kawo mana mutum, ko Malam Awaisu ya tafi ofis."

*

Shagon Adaku yana kan hanyar tashar jirgin ƙasa a Funtua. Maitama ya same ta ta kwantar da wani firam ɗin taga a kan tebur, ta ɓamɓare tsohuwar raga tana kankare tsatsa daga jikin katako. Mace ce 'yar shekara talatin da 'yan kai, fensir maƙale a ɗankwalinta. Ta gaishe shi cikin ladabi, ta tura masa kujera, amma ba ta daina aiki ba.

"Na san abin da ya kawo ka, Baba. Mutum biyu daga Maska sun kira ni yau, sun ce in dakata da aikinsu. Na biyun ko sallama bai yi ba."

"Kin je Maska ranar Laraba?"

"Na je. Tagogi shida na sa wa raga a makarantar allon Malam Ubaidullahi, daga safe har azahar ta wuce. Ka tambaye shi."

"Kin yi tambaya a kan buhunan?"

"Na tambaya mene ne a ciki, don in san irin ragar da zan sa. In sauro ake gudu, ta roba ta isa. In ɓera ne, sai waya."

Ta shimfiɗa sabuwar raga a kan firam ɗin, ta bar rarar yatsa biyu ta kowane gefe, ta yanke da almakashi. Ta ninke bakin sau biyu don kada tsinin waya ya yanki hannun yaro. Ta fara kafa sama, ta ja ƙasa da ƙarfinta har ragar ta miƙe, sannan ta kafa gefe da gefe, ta ɗora siraran katako. Maitama ya zuba wa gudumarta ido. Kowace ƙusa bugu uku, na ukun a hankali, kuma kan gudumar bai taɓa katako ko sau ɗaya ba.

"A bayan shagon nan aka haife ni," in ji ta. "Mahaifina, Ugochukwu, shi ya sa tagogin rabin unguwar nan. Shekara arba'in yana shiga ɗakunan mutane har ƙuryar gado, ba a taɓa neman ko cokali an rasa ba. Shi ya koya mini. Yau ni ce ɓarauniyar dawa."

"Bakina ne ya jawo miki," in ji Maitama. "Na faɗi abin da na gani tun ban gama gani ba."

Ta dube shi, ta ajiye guduma, ta ɗauki mayafinta. "Mu je in ga tagar."

Da suka isa lungun, mutane suka leƙo ta kan katanga. Ba ta kalli kowa ba. Ta hau turmin, ta daɗe tana dubawa.

"Wane ne ya yi wa aikina wannan wulakanci?"

Ta nuna masa. Katakon sama an mayar da shi ƙasa, ga alamar fensirinta nan a juye. Ninkin baki ya warware a kusurwa biyu. Ragar ta yi ciki kamar tsohuwar rariya. Kowace ƙusa kuwa an dagargaza katakon da ke kewaye da ita.

"Baba, ko sata na zo yi, hannuna ba zai yarda ya yi wannan ba."

Maitama ya hau bayan ta sauko. Wannan karon ba ƙusoshin ya duba ba, raunin da ke gefensu ya duba. Katakon mai taushi ne, ya riƙe shatin abin da ya buge shi. Kowane rauni zagaye ne, a cikinsa da layi uku da suka haɗu a tsakiya, kamar sawun ƙafar kaza. Ya ƙirga goma sha huɗu, duk iri ɗaya. Ya sauko, ya ɗebi laka mai danƙo a gindin katanga, ya mulmula, ya manna a kan rauni mafi zurfi, ya ɗaga a hankali. Ya sa a cikin kwalin ashana, ya rufe.

Ya karɓi gudumar Adaku ya juya. Kanta sumul yake kamar bayan cokali.

*

Mannir na zaune a zaurensa yana gyaran fartanya, hannuwansa duk karce. Ya ce ƙaya ce, shingen gonarsa ya gyara. Ya kawo gudumarsa ba tare da gardama ba, kanta murabba'i ne, babu tsaga. Maitama ya yi godiya ya miƙe, sai idonsa ya faɗa kan wata ƙwarya a bayan ƙyaure, an rufe ta da faifai. Ya ɗaga faifan da bakin sandarsa. Kaura ce mai jan ido, za ta kai mudu guda.

Mannir ya ajiye fartanyar.

"Bara ka roƙi Malam Awaisu iri a gaban masallaci, ya hana ka," in ji Maitama. "Kowa ya ji abin da ka ce masa."

"Na faɗa, Baba. Amma wallahi ba ni na shiga ɗakin nan ba."

"To wannan daga ina?"

"Ba zan iya faɗa ba."

Amsar ta fito daga bayan katangar da ta raba gidajen biyu. Ladidi ce, da murya ƙasa-ƙasa. "Malam Maitama, ni na ba shi. Tun watan jiya, ran da Malam ya buɗe ɗakin ana shara. Shekara biyu ƙuduji na cinye masa gona, ina jin yaransa ta katanga. Ka rufa mini asiri."

Maitama ya mayar da faifan. Ya dubi Mannir. "Shi ya sa ka yi saurin miƙa wata, don kada ido ya zo zaurenka."

Mannir ya sunkuyar da kai.

*

Lahadi da safe ya tafi wurin Jibril, mai shagon iri da takin zamani a bakin titi. An daɗe ana cewa Jibril na zawarcin kaurar, kuma an ga babur ɗinsa a ƙofar Malam Awaisu sau uku a wata ɗaya.

"Baba, in akwai wanda satar nan ta karya, ni ne," in ji Jibril. "Mun gama magana da Malam Awaisu. Bana zai shuka, mu ɗauki rabi da kaka, masu bincike su gwada, a yawaita ta, a sayar wa manoma. Me zan sata, abin da aka riga aka ba ni?"

Ya jawo wani sabon buhu daga ƙarƙashin kantar shagon, babu komai a ciki, ya warware shi. An buga hoton zangarniya, a ƙasa da manyan baƙaƙe: KAURAR AWAISU.

"Samfuri ne. Na kai masa ya gani, ya yi murna ƙwarai."

"Wa ke wurin?"

"Shi da ƙaninsa Hussaini, mai shanun noma. Hussaini kam bai yi murna ba. Ya ɗauki buhun, ya juya shi, ya ajiye, ya fita. Ko shayin da aka zuba masa bai sha ba."

Maitama ya duba akwatin kayan gyaran babur ɗin Jibril, ƙarfe bayan ƙarfe. Babu mai ƙafar kaza. Daga nan ya bi kafintoci biyu na garin, da maƙeri, da mai facin taya. Gudumomi goma sha wani abu suka ratsa hannunsa. Maƙerin ya dubi busasshiyar lakar ya ce wannan ba tambari ba ne, tsagewa ce, ƙarfe ne da ya sha duka har kansa ya dare gida uku, kuma ba ya jin guduma ce.

Bayan azahar gwiwoyinsa suka fara ciwo. Ya bi hanyar gonaki, inda kowa ya duƙa yana shuka, ya zauna a gindin wata ɗorawa. Gaba kaɗan Hussaini ya tsayar da amalanken shanunsa a bakin wata 'yar gona. Mutum ne mai faɗin kafaɗa, ya ba hamsin baya, ba a san shi da rigima ba. Duk bazara amalankensa na bin lungun bayan gidan yayansa sau biyar ko shida a rana, yana kai taki gona, har mutane sun daina ganinsa.

Hussaini ya zagaya bayan amalanken, ya zare wata doguwar ƙusar ƙarfe da ke riƙe da murfin baya. Murfin ya faɗi, taki ya zubo. Ya ɗauki fartanya zai baza, ruwanta ya yi lako-lako. Sai ya juya ƙusar, ya bubbuga ƙotar da kanta har ruwan ya zauna.

Maitama ya tashi, ya ƙarasa.

"Sannu da aiki, Hussaini. Gonar wa ce wannan? Na san taka tana gabas."

"Ta Inna ce, Baba. Ta mahaifiyarmu. An daɗe ba a noma ta ba."

"Ka gyara ta da kyau. Me za ka shuka?"

Hussaini ya ci gaba da baza taki. "Ban yanke ba tukuna."

"Ka je suna Kafur?"

"Na je da safe, na dawo kafin azahar. Shanu ba sa jira."

Maitama ya miƙa hannu ya karɓi fartanyar kamar mai yaba ƙota. A jikin itacen, sabo fil, ga zagaye uku, kowanne da ƙafar kaza a ciki. Ya mayar masa.

"Gobe da hantsi za a taru a lungun bayan gidan yayanka," in ji shi. "Ka zo da amalanken."

Hussaini bai tambayi dalili ba. Suka dubi juna, sannan Maitama ya juya.

*

Litinin da hantsi lungun ya cika. Mai unguwa na kan kujera, Malam Awaisu na gefensa sanye da babbar riga, shirin zuwa ofis. Mannir da Jibril suna jingine da katanga. Adaku ta zo da jakar kayan aikinta, ta tsaya ita kaɗai, babu wanda ya matsa kusa da ita. Daga ƙarshe Hussaini ya iso da shanunsa, harawa tule a cikin amalanken.

Maitama ya ce wa Adaku ta cire masa katako ɗaya daga tagar. Ta cire, ya ɗaga shi sama, ya zagaya da shi kowa ya ga raunukan.

"Ƙasa ba ta riƙe mini komai ba," in ji shi. "Amma wanda ya mayar da ragar nan ba gwani ba ne, yana bugun ƙusa yana kuskure, kuma duk kuskure ya bar sawu. Ga shi nan, sau goma sha huɗu."

Ya ajiye wani sabon guntun katako a kan turmi. Ya buga da gudumar Adaku, shati sumul. Ya buga da ta Mannir, murabba'i. Ya buga da babbar sufanar Jibril, layi ɗaya.

"Tana iya amfani da wani ƙarfen don ta ɓatar da sawu," in ji wani daga baya.

"Tana iya," in ji Maitama. "Sai dai tagar nan ta fi tsayin kowa a nan. Ni da turmi nake kai wa. Wanda ya shiga yana bukatar abin takawa, da abin da zai ɗora buhu huɗu ya wuce da su da rana tsaka ba wanda ya waiwaya. Hussaini, matso da amalanken gindin taga."

Hussaini ya ja shanun. Amalanken ya tsaya daidai, bakinsa bai fi kamu uku ƙasa da tagar ba.

"Ara mini ƙusar murfin baya."

Hussaini ya zare ta da kansa, ya miƙa. Bakinta a baje yake, irin wanda zai shiga ƙarƙashin katako ya ɗaga shi. Maitama ya juya ta, ya buga kanta sau ɗaya a kan guntun katakon. Ya haɗa shi da na tagar, ya miƙa wa mai unguwa. Mai unguwa ya duba, ya miƙa wa Malam Awaisu.

"Hussaini," in ji shi. "Kai?"

Hussaini ya hau amalanken, ya yaye harawar. Buhuna huɗu na kwance a ƙasa, bakinsu a ɗaure. Ya sauke su ɗaya bayan ɗaya a gaban yayansa.

"Ko ƙwaya ban taɓa ba, Yaya. Niyyata in shuka a gonar Inna, in ta fito kowa ya ga inda ta samo asali." Ya juya ga jama'a. "Manyanku sun sani. Shekarar da ƙuduji ya share gonakin kudu, Inna Maijidda ce ta ga kara uku a tsaye a tsakiyar gonarta. Ta yagi bakin zanenta ta ɗaure su don kada a girbe da saura. Shekara tara tana zaɓa, idonta na ciwo, ni da Yaya muna riƙe mata ƙwarya. A gidanmu Ta Maijidda muke ce mata. Sai na ga buhu an buga sunan wani."

"Da ka yi magana," in ji mai unguwa.

"Shekara hamsin ban taɓa mayar wa Yaya magana ba. Ban san ta inda ake farawa ba."

"Abin da ke tsakaninka da yayanka na gidanku ne, ba aikina ba," in ji Maitama. "Amma kwana biyu kana ji ana kiran matar nan ɓarauniya, kana kai taki gona. Wannan fa?"

Hussaini ya dubi Adaku a karon farko. Ya sauke hularsa, ya riƙe ta a hannu biyu. "Na zalunce ki. Na ɗauka in na mayar da ragar ba wanda zai gane ta nan aka shiga. Da aka ambaci sunanki, tsoro ya riƙe mini baki."

Malam Awaisu ya daɗe yana kallon buhunan. Sannan ya ɗaga kai. "Jibril, sunan nan ana iya canja shi?"

"Ana iya, Malam. Samfuri ne kawai."

"A sa na mai shi." Ya share fuska da hannun riga. "Na daɗe ina jin ana cewa kaurar Awaisu, har na yarda."

"Tunda ana faɗar gaskiya," in ji Ladidi daga bakin ƙofa, "mudun da ke gidan Mannir ni na ba shi."

"Na sani," in ji Malam Awaisu. "Ɗaurin buhun ba nawa ba ne. Bari Mannir ya shuka." Ya miƙe, ya cire babbar rigar, ya miƙa mata. "Babu zuwa ofis. Hussaini, buhu ɗaya gonar Inna. Mu tafi kafin ƙasa ta sha iska."

"Ba yanzu ba, Malam," in ji Adaku.

Kowa ya juya. Ta riga ta buɗe jakarta.

"A nan aka kira sunana, a nan za a wanke shi. Ranka ya daɗe, ina so ka faɗa da bakinka."

Mai unguwa ya miƙe tsaye, ya ce duk wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, Adaku 'yar Ugochukwu ba ta da hannu, kuma Maska ta ci amanar mai aikinta. Malam Awaisu ya ce a yafe masa. Maitama ya ce nasa laifin ya riga na kowa. Ta amsa musu ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi murmushi ba.

"Saura tagar," in ji ta. "Ba zan bar wannan a garin da aka san ni na yi ba. Malam Hussaini, kai ka ɓata, kai za ka riƙe mini."

Ta hau amalanken, Hussaini ya bi ta. Ta ɓamɓare sauran katakon ta jefar, ta zare ragar da ta lotse, ta kankare firam ɗin. Ta auna, ta yanke sabuwa, ta ninke baki, ta kafa sama. Hussaini ya kama ƙasa da manyan hannayensa.

"Ja. A'a, ba gefe ɗaya ba, duka biyun. Ka ja kamar kana so ta yi kyau."

Ya ja. Gudumar ta fara sauka, uku-uku. Manoman da ya kamata su kasance a gona suka tsaya da fartanyu a kafaɗa suna kallo. Da ta gama, ta buga ragar da tafin hannu, ta yi ƙara kamar ganga. Maitama ya taka turmi ya duba. Babu rauni ko ɗaya a jikin katakon. Ya sauko ya gyaɗa kai, ya jefar da kwalin ashanar.

Tana naɗe ragowar waya, Mannir ya matso yana sosa ƙeya.

"Madam, tagar ɗakin iyalina ma ta yage. Ko za ki leƙa, tunda kina nan?"

Adaku ta rataya jakarta, ta gyara mayafi.

"Akwai ragowar aikin makarantar Malam Ubaidullahi, akwai mutum biyun da suka ce in dakata, yanzu za su kira. Kai ne na huɗu, Malam Mannir. Sai Alhamis ta sama."